Daga Mashi Zuwa Durɓi Ta Kusheyi Da Daura: Tafiyar Kwana Huɗu A Ƙasa

Duk wanda ya saba bin hanyar motar da ta tashi daga Katsina zuwa Daura ya san Mashi, domin kusan a tsakiyar hanyar take. Amma kaɗan ne daga cikin matafiya suke lura da cewa garin yana zaune ne tsakanin wurare biyu waɗanda tarihin ƙasar Hausa ya jingina a kansu. Daga kudu, cikin ƙasar Mani, akwai Durɓi ta Kusheyi, inda kaburburan sarakunan Katsina na farko suke. Daga gabas kuma, kimanin kilomita 40, ga Daura da rijiyar Kusugu da kufan Tsohon Birni. Mota tana cinye wannan tazara cikin abin da bai kai sa'a guda ba, mutum ya isa bai ga komai ba sai kwalta da bayan motar da ke gabansa. Abin da muke so masu karatu su yi nazari a kansa shi ne, wane amfani za a samu in da an shirya wa baƙi da 'yan makaranta su yi wannan tafiya a ƙasa, kwana uku ko huɗu, suna yada zango a ƙauyuka, tare da jagora wanda ya san hanya ya kuma san labarinta.

Akwai ƙasar da ta riga ta mayar da irin wannan tafiya sana'a, wato Peru, can Amurka ta Kudu. A cikin duwatsun Andis na ƙasar akwai kufan wani gari da ake kira Macu Piccu, wanda sarakunan Inka suka gina da sassaƙaƙƙen dutse wajen shekarar 1450, a kan tudun da tsawonsa ya kai mita 2,430. Bayan da Sifaniyawa suka rushe daular Inka, tun daga shekarar 1532, sai garin ya zama kufai, daji ya rufe shi, babu wanda ya san da shi sai manoman da ke kewaye. Su ne suka kai wani Ba'amurke mai suna Hiram Bingham wurin a cikin 1911, shi kuma ya bazu da labarin a duniya.

Ana iya zuwa gindin wurin da jirgin ƙasa. Duk da haka dubban mutane a kowace shekara sun fi son su taka da ƙafarsu, su bi tsohuwar hanyar Inka mai tsawon kimanin kilomita 43, wadda ake yi cikin kwana huɗu, har da hawan wata mashiga mai tsawon fiye da mita 4,200, inda iska take ƙaranci numfashi yana yi wa mutum wuya. Akwai kuma wata hanyar ta kwarin Lares wadda take ratsa ƙauyukan 'yan ƙabilar Kecuwa, masaƙa da makiyaya, baƙo ya kwana kusa da su, ya ga yadda suke rini da saƙa, ya sayi abin da ya saya daga hannun wadda ta saƙa shi.

Abin lura a nan shi ne tsarin da hukuma ta yi. Tun farkon shekarun 2000 ba a barin kowa ya bi tsohuwar hanyar shi kaɗai, sai tare da jagora mai lasisi. Mutum 500 kaɗai ake bari su shiga a rana, kuma fiye da rabinsu jagorori ne da masu dafa abinci da 'yan dako. A watan Fabrairu ana rufe hanyar ɗungum don a gyara ta. 'Yan dakon nan, waɗanda yawancinsu manoman ƙauyukan yankin ne, sun daɗe suna shan wahala, ana ɗora musu kayan da suka fi ƙarfinsu a biya su abin da bai taka kara ya karya ba, har sai da aka kafa doka a cikin 2001 wadda ta tsai da nauyin kayan ɗan dako a kilo 20. Wannan darasi ne da ya kamata a riƙe tun kafin a fara, domin inda kuɗin baƙi suka shigo, talakan ƙauye shi ake fara mantawa da shi.

To, tsawon hanyar Inka ɗin nan kusan daidai yake da tazarar da ke tsakanin Mashi da Daura. Mu ba mu da duwatsu masu ƙanƙara a kai, gaskiya ne, amma tafiyar ƙasa cikin tsari ba sai mun koyo ta daga wurin kowa ba. Kakanninmu fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna kai ayari Gwanja neman goro, tafiyar watanni, kuma kowane ayari yana da madugu mai yanke shawara, da jagaba wanda yake wucewa gaba ya duba hanya ya nemi masauki, da uban dawaki, kuma kowa ya san inda za a yada zango da inda ruwa yake. Kalmomin duka suna nan a bakinmu, aikin ne kawai muka ajiye tun da mota ta zo.

Ga yadda tafiyar za ta iya kasancewa. A tashi daga Mashi da asuba a nufi kudu, tafiyar da mai ƙafa zai gama cikin yini guda ba tare da galabaita ba, a sauka Durɓi ta Kusheyi. Wanda bai san wurin ba zai iya wucewa ta gefensa bai waiwaya ba, domin abin da ido yake gani tsibin ƙasa ne manya da ƙanana a cikin gonaki. A nan ne amfanin jagora yake fitowa fili. Bisa ga tarihin baka, Durɓawa ne suka fara mulkin ƙasar Katsina, daga Kumayau har zuwa Sanau, wanda Korau mutumin 'Yandoto ya kayar a kokawa ya karɓe sarauta, wajen tsakiyar ƙarni na 15. Zuriyar waɗancan sarakuna ba ta ɓace ba a suna, tun da har yanzu Durɓin Katsina shi ne Hakimin Mani.

An fara tona tsibin ne a cikin 1907, lokacin da Bature mai kula da Katsina, Mista H. R. Palmer, ya sa aka buɗe waɗansu daga cikinsu tare da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda bai daɗe da hawa gadon sarauta ba. A cikin 1959 Hukumar Kula da Kayayyakin Tarihi ta sa wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa. Sai kuma a 1992 aka sake tona uku, a ƙarƙashin wani aikin bincike na Jami'ar Bayreuth ta Jamus tare da hukumomin Nijeriya. A tsakiyar kowane tsibi an tarar da mutum ɗaya a binne, da kayan ƙawa waɗanda suka ba masana mamaki: zobba da 'yan kunne na zinariya, da awarwaro na hauren giwa, da mundaye da ƙarau na tagulla, da duwatsun wuya, da wuri, da kuma wata tasa ta ƙarfe wadda aka tabbatar daga ƙasashen Musulmi na Gabas ta Tsakiya aka kawo ta. Bincike ya nuna an yi waɗannan binne-binne ne tsakanin ƙarni na 13 ko 14 zuwa na 15 ko 16. Wato ke nan, a zamanin da Inka suke sassaƙa duwatsun Macu Piccu, masu mulkin wannan yanki da ke kudu da Mashi suna amfani da kayan da suka ƙetaro Hamada daga nisan duniya, da wurin da aka tsinto daga bakin teku.

An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, aka dawo da su Nijeriya a cikin 2014, aka ajiye su a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Katsina. Saboda haka zai fi kyau baƙo ya fara tsayawa Katsina ya gan su da idonsa, sa'an nan ya zo ya tsaya a kan ƙasar da aka tono su.

Daga Durɓi sai a juya gabas, a ratsa gonaki da ƙauyuka zuwa wajen Shargalle a ƙasar Dutsi, washegari kuma a ƙarasa Daura. Wannan sashe na tafiyar yana da tasa ma'anar. Labarin Bayajida ya ce Bawo ya haifi 'ya'ya shida waɗanda suka mulki Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, kuma Kumayau yana cikinsu. In an bi wannan labari, daga Daura Kumayau ya fito ya nufi yamma, don haka matafiyin da ya tashi daga Durɓi zuwa Daura sawunsa yake bi a juye. Masana tarihi suna da ja a kan ko labarin ya faru kamar yadda ake faɗinsa, ko kuwa hikima ce ta magabata don bayyana zumuncin garuruwan Hausa. Jagoran kirki zai gaya wa baƙonsa duka biyun, ya bar shi ya auna.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga kaka zuwa tsakiyar hunturu, wato Nuwamba zuwa Janairu. An girbe gero da dawa, rumbuna sun cika, hanyoyin gona sun buɗe, rana kuma ba ta yi zafin bazara ba. A lokacin ne gawo yake fitar da ganye, shi da yake tsayawa tsirara duk damina, sai ka ce don matafiyin rani aka halicce shi. Baƙo zai ga sussuka da shiƙa, ya ga maƙeri a maƙera da mai ginin tukwane, ya sha fura da nono a kusa da ruga, ya ci tuwon gero da miyar kukar da aka kaɗo daga itacen da ya huta a ƙarƙashinsa. Jaki ko amalanken shanu zai ɗauki kaya, ba sai an ɗora wa ɗan Adam ba. Mai jakin, da matar da ta dafa tuwo, da mai unguwar da ya ba da zaure, da dattijon da ya ba da labari bayan sallar isha'i, kowa zai sami rabonsa a hannu. Baƙon da ya zo da mota kuwa, ɗan abin da zai kashe a tasha da gidan mai yake ƙarewa.

Daura ba ta bukatar dogon bayani ga mai karanta wannan shafi. Ga Kusugu, wadda aka gina wa ɗaki, inda aka ce macijin nan Sarki yana hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida, baƙon tsohuwa Ayana, ya kashe shi ya auri Daurama. Ga fadar da ta ga sauye-sauye: hawan Malam Isiyaku bayan jihadi a 1805, da komawar sarakunan Haɓe Zango da Ɓaure, da dawowar gidan tsohuwar sarauta a 1906 lokacin da aka naɗa Malam Musa. Amma bai kamata tafiyar ta ƙare a bakin rijiya ba. A kwana na huɗu a fita Tsohon Birni, inda tarihin Daura ya ce Magajiyoyi mata suka zauna tun daga Kufuru, kafin Daurama ta tashi da jama'arta zuwa inda garin yake a yau. Mutane da yawa sun sha ruwan Kusugu, amma 'yan ƙalilan ne suka taɓa taka wannan kufai.

Ba za mu ɓoye wa masu karatu cewa akwai cikas ba. Na farko shi ne tsaro. Ɓarayin daji sun addabi sassa da dama na Jihar Katsina cikin shekarun nan, musamman yamma da kudu, kuma babu mai hankalin da zai kwantar da baƙi a ƙauye ba tare da ya nemi shawarar hakimai da dagatai da jami'an tsaro ba. Sa'an nan hanyar ta ratsa masarautu biyu. Mashi tana ƙarƙashin Iyan Katsina, Mani tana ƙarƙashin Durɓi, Dutsi tana ƙarƙashin Marusa, dukansu hakiman Sarkin Katsina ne, ƙarshen tafiyar kuma yana cikin ƙasar Sarkin Daura, saboda haka sai fadojin biyu sun sa hannu tare da ƙananan hukumomin da abin ya shafa. Akwai kuma batun mutunci. Ƙauyukanmu gidajen mutane ne masu iyali, dole a koya wa baƙo ya yi sallama, ya tsaya a zaure, kada ya ɗauki hoton kowa sai da izini.

Abin da ya fi gaggawa, a ganinmu, shi ne jagoran kansa. Tsibin ƙasa ba ya magana, kuma ruwan sama da garma suna rage shi kowace damina. Dattawan da suka ji labarin Durɓawa da na Magajiyoyi daga bakin kakanninsu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. A Mashi da Mani da Dutsi da Daura akwai samari da yawa waɗanda suka gama makaranta suna zaune ba aikin yi, suna jin Hausa da Turanci, wasu har da Larabci da Faransanci, sun kuma san kowace burtali a yankin. Sashen Tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, tare da ma'aikatan Gidan Tarihi, za su iya zaɓar kaɗan daga cikinsu su zaunar da su gaban dattawan nan da takarda da na'urar ɗaukar magana, su kuma nuna musu kayan da aka tono. Ba sai an jira baƙi daga Turai ba kafin a gwada. Ayarin farko yana iya zama ɗaliban aji shida na makarantun sakandaren Mashi, su ashirin da malamansu biyu da jakuna uku, a hutun watan Disamba.