Yadda Aka Gano Abin da Ke Kashe Yaran Zamfara

A farkon shekarar 2010 agwagi suka fara ƙarewa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Wa zai tayar da hankalinsa kan mutuwar agwagwa? Ba a jima ba ƙananan yara suka fara amai da ciwon ciki, daga nan sai jijjiga, sai suma, sai kuma a kai su makwanci.

Ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, waɗanda ke zagaye yankin suna sa ido kan sanƙarau, su suka fara lura da yawan mace-macen a watan Maris. Zaton farko shi ne sanƙarau, tunda lokacin zafi ne, ko kuma zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Zato ne mai ma'ana, amma a tsarin binciken kimiyya zato ba ya zama hujja sai ya tsallake gwaji. An ba yaran magungunan waɗannan cututtuka, ba su samu sauƙi ba. Dole aka ajiye zaton, aka sake duba gari da idon basira.

Abin da ya haɗa ƙauyukan da abin ya shafa, irin su 'Yargalma da Dareta, shi ne haƙar zinare. Maza na kwaso dutse daga ramuka, a farfasa shi a tsakar gida, a niƙa a injin irin na niƙan hatsi, a wanke, a shanya. Ƙura na sauka a kan tabarma da kwanon tuwo da bakin rijiya. Sai aka ɗebi jinin wasu yara aka aika ɗakin gwaje-gwaje a Turai. Amsa ta dawo: gubar dalma ce, wadda ke cikin dutsen tare da zinaren.

Daga nan aikin ya koma hannun masana kimiyyar muhalli, masu tambayar inda guba ta fito, ta wace hanya ta shiga jiki, kuma nawa ne ya shiga. Hanyar ita ta bayyana dalilin da ya sa yara suka fi shan wahala: mai rarrafe a ƙasa yake wuni, hannunsa kuma ba ya rabuwa da baki, ga shi hanjinsa ya fi na babba saurin tsotse dalma. Batun adadi kuwa, a lokacin ma'aunin Amurka na ƙasar da yara ke wasa a kai kashi 400 ne cikin miliyan, amma a wasu gidajen an auna fiye da 100,000. Binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, a ƙauyuka biyu ya nuna yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Jimilla, an ƙiyasta yara aƙalla 400 ne suka rasu.

Sanin hanyar ne ya tsara maganin. Akwai ƙwayar da ke fitar da dalma daga jini, sai dai ba ta da amfani idan yaro zai koma gidan da ya gurɓata, domin dalma ba ta ruɓewa. Saboda haka sai da aka kankare saman ƙasar gidaje, aka binne ta a wajen gari, aka zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi sauran ƙauyukan da abin ya shafa girma, ta jira har 2013 kafin kuɗin aikin su fito, jinkirin da babu uzurin da zai wanke shi.

A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a Shikira da ke Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Saboda haka duk mai sana'ar haƙar zinare ya niƙa dutsensa nesa da gida, ya jiƙa shi don rage ƙura, ya yi wanka ya canja kaya kafin ya ɗauki ɗansa.