Takobin Hauni da Alƙalamin Gwamna

Duk wanda ya taɓa zama da hantsi a zauren wani malami cikin birnin Zazzau, ko a Unguwar Juma ko a Kona, inda magidanta ke harɗe bisa tabarma kowa da littafinsa a cinya, ya san cewa idan mai biya Risala ya iso babin hukunce-hukuncen jini, zaure yakan yi tsit, har mai tari ya danne tarinsa. A irin wannan zama ne na ji wani tela, wanda ’yan fashi suka kashe masa ƙane a hanyar cin kasuwa, ya rufe littafi ya ce, “Allah gafarta malam, to me ya hana a kashe mai kisa a zamanin nan?” Malam ya daɗe yana gyara zaman tabarau, kana ya ce, “Malam, wa zai kashe shi, kuma bisa shaidar wa?”

Ga wanda bai yi karatun ba, abin da fiƙihun Malikiyya ya shimfiɗa shi ne, wanda ya kashe rai da gangan, kuma laifin ya tabbata a kansa da iƙirarin bakinsa, ko da shaidu biyu adilai, ko da rantsuwar ƙasama guda 50 wadda dangin mamaci ke yi idan akwai ƙaƙƙarfar alama, to jininsa ya koma hannun waliyyan mamaci, in sun so a yi ƙisasi, in sun so su yi afuwa, bisa diyya ko don Allah. Asalin diyya raƙuma 100 ne ko dinari 1000 na zinariya, wanda aka yafe wa kuwa ba ya tashi hakanan, sai an yi masa bulala 100 an ɗaure shi shekara guda. Kisan gila kuwa, watau a yaudari mutum a kai shi inda babu mai ceto a halaka shi, malamanmu sun toshe masa ƙofar afuwa.

Da wannan ake hukunci a majalisar sarakuna, hauni na tsaye da takobinsa, har Turawa suka zo suka bar wa manyan sarakuna ikon yanke hukuncin kisa, da sharaɗin ba za a zartar ba sai Gwamna ya tabbatar. Rigima ta ɓarke a 1947, sa’ad da majalisar Sarkin Gwandu ta yanke wa wani Tsofo Gubba kisa saboda ya kashe kwarton matarsa, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa a dokar Turawa wanda aka harzuƙa ya yi kisa cikin zafin zuciya ba a kashe shi, alhali Malikiyya ba ta san wannan uzuri ba. Aka yi ta kai-kawo har 1958, lokacin da Gwamnatin Jihar Arewa ta gayyato masana shari’a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, aka tsara kundin hukunta laifuffuka wanda ya fara aiki a 1960. A nan Kongo ta Zazzau, a Makarantar Koyon Sha’anin Mulki, aka riƙa tara alƙalai masu rawani ana koya musu sashe-sashe na sabon kundin. Tun daga nan abin da ya rage wa waliyyan jini shi ne a tambaye su ra’ayinsu a rubuta, hukuma ta duba in ta ga dama. A ganina a nan aka yi babban sauyi, ko da yake ba safai ake ambatonsa ba.

Masu goyon bayan hukuncin kisa, waɗanda su ne jamhuru a ƙasar nan, hujjarsu ta farko nassi ce, domin Suratul Baƙara ta wajabta ƙisasi ta kuma bayyana shi a matsayin abin da ke tsare rayukan al’umma, ba kuwa za a ce wa Musulmi ya kira abin da Allah Ya shar’anta zalunci ba. Ta biyu kuwa ta idon basira ce: mutumin Giwa ko Birnin Gwari wanda ya sayar da gona da shanu ya kai kuɗin fansa, sannan aka mayar masa da gawa, ba ya fahimtar dalilin da za a ciyar da makashin ɗansa da harajinsa. Suna kuma cewa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, duk inda jama’a ta fid da tsammani daga kotu, to ita za ta zama hauni, da taya da fetur a tsakiyar kasuwa, ba tuhuma ba bayyina. Doka ma tana tare da su, don sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya halatta hukuncin, Kotun Ƙoli kuma ta riga ta tabbatar da halaccinsa a shari’ar Onuoha Kalu a 1998.

Masu suka kuwa, in an cire waɗanda ke ƙin hukuncin daga tushe, mafi ƙarfin maganarsu a kan tambayar malamin nan take. Iƙirarin da aka tatsa da kulki a ofishin ’yan sanda, a wajen mafi yawan malamai, ba iƙirari ba ne, shari’a kuwa ta yi umarni a tunkuɗe haddi da shubuha, domin ɗaurarre ana iya buɗe masa ƙofa a ba shi haƙuri, amma ba a tono wanda aka binne a ce masa an yi kuskure. A 1981 aka kashe Nasiru Bello a Jihar Oyo alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu, sai a 1986 Kotun Ƙoli ta ce an keta doka. Sani Yakubu Rodi, wanda kotun shari’ar Musulunci ta Katsina ta sama da laifin kashe wata mata da ’ya’yanta biyu, aka rataye shi a kurkukun Kaduna ranar 3 ga Janairun 2002, ba shi da lauya tun farkon shari’ar har ƙarshenta. Suna ƙara tuni cewa dokar soja ta 1970 ta sa an ɗaure ’yan fashi a jikin duro an harbe su a bainar jama’a shekara da shekaru, fashi kuwa bai ƙare ba. Saliyo ta soke hukuncin kisa a 2021, Nijar kuma, ko da yake yana nan a dokarta, rabonta da zartar da shi tun 1976.

Abin da ya fi damuna ni dai shi ne halin da muke ciki, wanda ba ya gamsar da kowane ɓangare. Alƙalai suna yanke hukunci domin doka ta tilasta musu, gwamnoni suna ƙin sa hannu domin kowa na tsoron ɗaukar alhakin rai, har aka tara mutum sama da 3,000 a gidajen yari suna jiran igiya, alhali rabon da a ji an rataye wani tun Disambar 2016 a birnin Benin. Ba a yi wa mai jini ƙisasi ba, ba a ba shi diyya ba, ba a kuma bar shi ya sami ladan afuwa ba. Shi kuwa mai laifi an ɗora masa azabar jira wadda babu littafin da ya rubuta ta. Wani tsohon ganduroba da muke salla a masallaci ɗaya ya taɓa gaya mini cewa waɗannan mutane ba su cika barci da asuba ba, kuma idan ya zo wucewa ta gefensu a wannan lokaci yakan damƙe makullansa a tafin hannu, don kada su yi ƙara.