Taku Ɗaya, Ci Ɗaya: Yadda Gwani Ke Ninka Rabonsa a Fagen Wasa

Da rani, bayan hatsi ya shiga rumbu, inuwar bishiya a Tambuwal ko Dogon Daji ko Kuchi ta ƙasar Kebbe ba ta rasa 'yan dara. Kayan wasan ba sai an saya ba: gurabu 30 da aka tona a ƙasa, layi 5 mai gurbi shida-shida, kowa da 'ya'ya 12. Wannan ya tsinci tsakuwa, wancan ya kakkarya kara. Dakarkarin ƙasar Zuru sun yi suna a kanta, Zabarmawan Nijar kuma dili suke ce mata.

Dokarta ta farko bi da bi ce. Kowa ya dasa ɗa guda ya saurara wa abokin karawarsa, kuma ba a jera uku a lokacin dashe. Sai hannu ya ƙare ake fara tafiya, taku ɗaya zuwa gurbin da ke kusa, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya ɗauke ɗan abokinsa guda. Huɗu ba ci ba ne.

To ta ina gwani ke cin mutum a jere har ya share shi, alhali ba a ƙara masa taku ba? Tarko yake ginawa da 'ya'ya 5. Biyu a layin sama, biyu a layin da ke ƙarƙashinsu, na biyar kuma yana kai da komo tsakanin gurabu biyun da ke bakin layukan. Ya sauko, ƙasa ta cika uku, ya ci. Ya koma, sama ta cika uku, ya sake ci. Wanda aka ɗana wa yana nan da takunsa guda a tsakani, amma bai da mafita sai ya cusa ɗansa a gurbin da aka bari, ko ya ci ɗaya daga cikin biyar ɗin. A nan ne 'yan kallo ke kasa haƙuri, wani ya miƙo yatsa yana cewa, "Baba, toshe nan!" a yi masa tsawa. Tun wurin dashe ake shirya wannan tarko, shi ya sa tsofaffin hannu suka fi daɗewa suna nazari kafin a ci ko ɗa ɗaya.

A Amurka ma an yi fama da wannan lissafi, sai dai an bi wata hanya. Wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, labarin yaƙi ne da ake bugawa a kan tebur: kowa ya ɗauki jarumi guda, mutum ɗaya ya zama mai ba da labari kuma alƙali. Idan faɗa ya kaure, kowa zai jefa ƙwaya irin ta lido amma mai fuska 20, wanda ya fi maki shi ne farko, a bi jerin har ƙasa. A bugu na 5, na 2014, zagaye guda daƙiƙa 6 ne a cikin labarin, kuma kowa na da tafiya da aiki guda.

Yawan sara kuwa littafin dokokin wasan ne ke rabawa. Mayaƙi ya kai mataki na 5, aikinsa guda ya zama sara biyu. A mataki na 11 uku. A na 20 huɗu. Kowane sara da jifan ƙwayarsa, yana iya raba su kan maƙiya daban-daban, har ya taka tsakanin wannan da wancan. Gaskiya ta ɗan dara ta fi daɗin kallo, domin abin da ya gina a idon jama'a ana iya rushe masa, na mayaƙin kuwa muƙami ne.

Akwai kuma abin da dara ba ta yarda da shi ba sam, wato motsi ba a lokacinka ba. A wasan na Amurka kuwa, idan maƙiyi ya juya zai fice daga inda takobinka ke kaiwa, kana da damar kai masa sara nan take, sau ɗaya kafin layi ya sake zagayowa kanka. Jefe-jefen nan da ƙidayar maki ne ke sa faɗan zagaye 3, wanda bai wuce daƙiƙa 18 a labari ba, ya iya cinye wa mutum biyar rabin awa a bakin tebur.