Zane da Haruffa a Zamanin da Kwamfuta Ba Ta San Hausa Ba

Kafin kwamfuta ta ƙware wajen nuna hotuna, da haruffa da alamomi masu fasaha suke yin zane. Tsarin ASCII da aka fito da shi a Amurka a shekarar 1963, alamomi 128 kacal ya ƙunsa. A 1981 kamfanin IBM ya ninka su zuwa 256, ya ƙara layuka da murabba'ai. Manhajar TheDraw ta fito a 1986 domin zane mai launi, kana FIGlet a 1991, wadda ke gina manyan haruffa daga ƙanana.

To amma a cikin waɗannan alamomi babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, balle ajami. Wanda ya nufi rubuta "ƙasa", sai ya ga "kasa" ta fito.

A birnin Jidda, inda Hausawa da dama ke zaune, Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa wa hukumar ISESCO wajen daidaita ajamin harsunan Afirka, ciki har da Hausa. Haruffan boko masu lanƙwasa kuwa, tsarin Unicode da ya fito a 1991 ne ya ba su gurbi.