KAFIN KA TARE RUWA, TUNA DA NA ƘASA DA KAI

Mai gona a bayan gari wanda Allah ya ba shi hali yakan so ya tare kwarin da ya ratsa gonarsa da ganuwar ƙasa, domin ya sami ɗan tafki. A nan zai zuba kifi, iyali da baƙi su riƙa zuwa shan iska da wanka lokacin bazara. Wani lokaci makaranta ko ikilisiya ce take da wannan niyya. Abu ne mai kyau a ƙasar zafi kamar Sakkwato. Amma sai mu sani tun ba a kafa diga ba: dam naka ne, amma ran da ya fashe, ruwan ba a gonarka zai tsaya ba.

Abin da ya faru a wasu wurare

Mutanen Sakkwato sun san ƙarfin ruwa. A watan Satumba 1988 ba a daɗe da jin labarin dam na Bagauda a Jihar Kano ba, wurin shaƙatawa ne sananne, ya fashe cikin Agusta bayan ruwan sama mai yawa. A Satumba 2010 kuma Gulbin Rima ya cika, aka saki ruwa daga dam na Goronyo, ambaliya ta ci ƙauyuka, ta yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Waɗannan na gwamnati ne, suna da injiniyoyi. To, ina ga wanda ba shi da mai duba shi sai mai shi?

Ga misali daga Amurka. Wata ƙungiyar attajirai ta sayi tsohon dam na South Fork domin kamun kifi da hutawa. Suka rage tsawon ganuwar don karusa ta sami hanya. Suka sa ragar ƙarfe a mafitar ruwa don kada kifi ya tsere. Bututun da ake rage ruwa da su kuwa an riga an cire, ba su mayar ba. Ran 31 ga Mayu 1889 aka yi ruwa mai ƙarfi, shara ta toshe ragar, ruwa ya hau kan ganuwar ya cinye ta. Mutum 2,209 suka mutu a garin Johnstown da kewaye.

Kada mu ce wannan halin attajirai ne kaɗai. Ran 6 ga Nuwamba 1977, da tsakar dare, ƙaramin dam na makarantar Littafi Mai Tsarki ta Toccoa Falls, a Jihar Jojiya, ya fashe a kan gidajen ɗalibai da iyalansu. Mutum 39 suka rasu. Bayan wannan ne jihar ta kafa dokar duba dam a 1978.

Me doka ta ce?

Takardar fili ba ta ba ka ikon tare ruwa yadda ka ga dama ba. Dokar Ruwa ta 1993 ta sa kogunan da suka ratsa jiha fiye da ɗaya, kamar Rima da Gulbin Sakkwato, tare da rassansu, a hannun Gwamnatin Tarayya. Kowa yana iya ɗibar ruwa don amfanin gida da shayar da dabbobi, amma tare shi ko karkatar da shi don kasuwanci sai da lasisi. Saboda haka, kafin ka fara, je Ma'aikatar Ruwa ta Jiha da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda hedkwatarta take nan Sakkwato. Bari injiniya ya auna faɗin ƙasar da take zubo ruwa cikin kwarin, gama wannan ne zai nuna girman mafitar da ake bukata. Ka kuma zauna da mai gari, da makiyaya, da masu lambu na ƙasa da kai.

Abubuwan dubawa

1. Mafitar rarar ruwa. Ita ce ran dam. A haƙa ta a gefe cikin ƙasa mai tauri, ba a bisa ganuwar ba. Tsakanin bakinta da kan ganuwar kada ya gaza mita 1. Kada a toshe ta da buhunan yashi don ƙarin ruwa, kada kuma a sa mata raga. Gara ka rasa kifi goma da ka rasa dam.

2. Itatuwa. Dasa mangwaro da darbejiya nesa da ganuwar. Saiwar da ta ruɓe takan bar hanya, ruwa kuwa ba ya mance hanya. Ciyawar kiri-kiri ta isa rufe jikin ganuwar.

3. Ramuka da tsagewa. Gafiya da gara sukan huda ganuwa, zafin rani kuma yakan tsaga laka. A cike su da laka mai danshi, a daddaɓe sosai cikin watan Mayu, tun damina ba ta kankama ba.

4. Yoyo. Zagaya bayan ganuwar kowane mako, da kuma bayan kowane babban ruwa, musamman cikin Agusta. Ɗan danshi mai ruwa garau a lura da shi. Amma in ruwan ya fito da laka, ko yana ƙaruwa, dam yana cin kansa ne daga ciki. A rage ruwa, a gaya wa na ƙasa su hau tudu nan da nan, ko da dare ne.

5. Masu wanka. A kafa sanduna a nuna inda zurfi ya fara. A ajiye doguwar igiya da gora a bakin ruwa. Kada yara su shiga ba babba. Ruwan da ba ya gudu yakan tara katantanwa mai kawo tsargiya, don haka wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti.

Nauyin yana kan wa?

Ba kullum ma'aikacin gwamnati zai iso gonarka ba. A littafin Fitowa 21:33-34, Shari'ar Musa ta ɗora biyan hasara a kan wanda ya haƙa rami ya bar shi buɗe, dabbar wani ta fāɗa. In haka ne a kan sa da jaki, balle ran maƙwabci? Mai dam, ka sa mutum ɗaya ya zama mai lura, ka ba shi littafin rubuta abin da ya gani da kwanan wata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu duka.