Kafin Ka Sauya Wa Sirdin Babur Launi

A Marwa da Garwa, har ma a unguwannin Hausawa na Yawunde da Duwala, samari masu babur sun ɗauki ado a kan sirdi. Wani na son ja, wani baƙi wuluk, wani kuma ruwan ƙasa irin na sirdin doki. Abin ba laifi ba ne, sai dai da yawa suna asarar kuɗinsu, kuma mai haya da babur yana iya asarar fasinja, domin babu mai yafe wa wanda ya ɓata masa farar riga ranar Juma'a.

Abu na farko, mai karatu, shi ne ka tabbata fata ce a kan sirdinka. Galibin baburan da ake shigowa da su daga Indiya da Sin, ledar roba aka lulluɓa wa sosonsu, an yi mata zanen fata. Ɗaga gefen sirdin ka duba cikinsa: idan ka ga saƙar yadi a manne, roba ce. Fata ta gaskiya cikinta gashi-gashi ne, kuma tana da warinta. Roba ba ta shan rini ko kaɗan. Duk abin da ka shafa mata a sama zai tsaya, rana ta gasa shi, ya tsattsage. Mai irin wannan sirdi gara ya kai wa mai ɗinkin kujeru a sake masa rufi.

To, idan fata ce fa? Nan ma akwai magana. Fatar da majemanmu suka jeme da bagaruwa, irin wadda Marwa ta yi suna da ita, ita ce mai karɓar rinin gargajiya. Dukawa suna samun ja daga karan dafi, wato wata dawa da ake nomawa don jan kubenta, a daka a jiƙa da ruwan kanwa. Rawaya kuwa daga gangamau. Baƙi shi ne kuloko, wanda ake haɗawa da kashin maƙera da zuma ko sukari a bar shi ya yi tsami. Abin lura game da kuloko shi ne ba fenti ba ne: ƙarfen da ke cikinsa ne ke haɗuwa da bagaruwar da ta riga ta shiga fatar, nan take wurin ya baƙanta har ciki. Shi ya sa ba ya ɓarewa, shi ya sa kuma ba ya kama fatar kamfani da aka jeme da sinadari. Irin wannan sai rinin kwalba na kanti.

Ka'ida ɗaya ce ba ta canzawa: daga haske ake tafiya zuwa duhu. Ruwan ƙasa zai koma ja mai duhu ko baƙi, amma baƙi ba ya komawa ja. Wanda ya ce maka zai iya, fenti zai shafa maka. Kuma mai son baƙi ya tuna da watan Afrilu, lokacin da zafi a Marwa ke wuce digiri 40. Baƙin sirdin da ya wuni a rana ba ya zaunuwa.

Aikin kansa haƙuri yake so. A kwance sirdin daga babur, a wanke shi da sabulu, a goge tsohon mai da ƙyallin samansa da tsumma da ɗan sifirit, domin rini ba ya ratsa maiƙo. A gwada launin a ƙasan sirdi inda ido ba ya gani. Sannan a shafa siriri-siriri, sau 2 ko 3, kowanne a bari ya bushe a inuwa. Masu gaggawa sukan malala shi lokaci guda su shanya a rana, sai fatar ta fito dabbare-dabbare, ta ƙandare. Zaren ɗinki in na roba ne zai tsaya da tsohon launinsa, kada wannan ya ba ka mamaki.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne guga. Bayan ya bushe, a sami farin tsumma a yi ta murzawa har sai ya daina ɗaukar launi, a jiƙa shi kaɗan a sake gwadawa, saboda gumi da ruwan sama su ne ke fito da abin da ya rage. Ja ya fi kowanne zuba. Daga nan a shafa ɗan man kaɗanya ko kakin zuma, a goge sosai. Kaɗan ake so: sirdi mai santsi yana zamar da mutum gaba idan aka taka birki da ƙarfi, balle mace mai goyo a baya.

Mai haya da babur ya ware kwana 2 da ba zai fita aiki ba, ko kuma ya ari wani sirdi. A makon farko ya riƙa shimfiɗa ƙyalle a wurin zaman fasinja, in damina ce ya rufe sirdin da leda duk lokacin da ya ajiye babur a waje.