Kafin a yi wa kwamfuta fomat

A shagunan gyaran kwamfuta daga unguwar Aboabo zuwa Asawase, har ka dangana da Adum a Ghana, maganin da aka fi saurin bayarwa shi ne fomat. Kwamfuta ta ƙi tashi, ko fuskarta ta koma shuɗiya, sai mai gyara ya ce, "Alhaji, sai dai a goge ta a sa sabuwar Windows." A nan lissafin bashin ɗan kasuwar goro da kundin ɗalibin jami'ar KNUST ke salwanta, kuma abin yana ba ni takaici, don sau da yawa ciwon bai kai nan ba.

Kwamfutoci da dama a Zango na hannu ne, an sauke su a tashar jiragen ruwa ta Tema, batirinsu ya riga ya gaji. Da an ɗauke wuta, abin da mutanen Ghana ke kira dumsor, sai injin ya mutu yana tsakiyar rubuta wani fayil, musamman lokacin da Windows ke sabunta kanta. Fayil ya tsaya rabi, washegari kwamfutar ta ƙi tashi.

Windows kuwa tana ɗauke da maganinta. Idan ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, takan buɗe shafin gyara da kanta. Daga nan ana iya cire sabuntawar da ta jawo matsalar, ko a mayar da ita yadda take kwanakin baya ta System Restore, ba tare da an taɓa takardun mai ita ba. Umarnin sfc /scannow yana bin fayilolin Windows yana maye gurbin waɗanda suka lalace, chkdsk kuma yana duba faifan ajiya. Amma kasa kunne: in faifan yana ƙas-ƙas, mutuwa yake yi, fomat ba zai tashe shi ba.

Akwai wata damuwar. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, kuma tsofaffin injuna da yawa ba su da na'urar tsaro ta TPM 2.0 da Windows 11 ke buƙata. Irin waɗannan, Ubuntu ko Linux Mint za su iya riƙe su a madadin Windows, kuma kyauta ne.

In fomat ɗin ya zama dole, a tayar da injin da Ubuntu daga filasha, a kwashe fayilolin mai shi tukuna. Mai kwamfuta ya tsaya ya ga an kwashe da idonsa kafin ya bar shagon.